Ku Tambayi Kawu: Gardamar Jifan Kurket Ta Raba Gidan Kallo Biyu

Jama'a assalamu alaikum, barkanmu da damina. Wannan makon ƙwallon ƙafa zata ɗan huta a shafin nan, masu tambaya akan cinikin 'yan wasa kuyi haƙuri sai mako mai zuwa in Allah ya kaimu, don tun bayan babbar sallah nake samun saƙonni akan wani wasa da ban taɓa zaton za'a tambayeni shi daga ƙauyukanmu ba, wato kurket. Ni dai dole ce ta koya min kallonsa lokacin da nake karatu a Indiya, a can in ana babban wasa ko mai shayi bazai kalleka ba sai an tafi hutu, shekara uku ina cikinsu kunga ko banso ba sai ya shiga jikina. Duk tambayoyin akan wasa ɗaya ne, wasan ƙarshe na gasar Tes ta duniya da aka buga a filin Lord's na Landan daga 11 zuwa 14 ga Yunin 2025, Afirka ta Kudu da Ostireliya.

Tambaya: Salam Kawu, ya iyali ya ruwa. Ni ina da ɗan gidan kallon ƙwallo a ƙauyenmu tsakanin Jahun da Kiyawa, to kasan da an gama Firimiya kasuwa sai ta mutu, benci sai awaki. Ranar wata Laraba wani yayanmu da ya daɗe yana tuƙin mota a Jidda cikin 'yan Pakistan yazo yace dan Allah in kamo masa tashar da ake kurket zai sayi man inji da kuɗinsa, nace to ai ba asara. Wallahi da farko dariya muke masa, mutane cikin fararen kaya kamar masu zuwa idi, ɗaya ya taho a guje ya wurgo ƙwallo, ɗayan ya ɗaga sanda sama ya ƙyaleta ta wuce, kuma a tafa masa wai yayi ƙoƙari! Amma kafin Juma'a sai ga mutum goma sha suna dawowa daga gona su zauna har kusan magariba, mai shayin ƙofar gidan ma ya haddace sunan Rabada, mai jifan Afirka ta Kudu. Yanzu rigimar da ta rabamu itace, mu muna cewa masu jifan nan ɓata lokaci suke, ga turaku uku a tsaye bayan mutum in ka bugesu ya fita, to me zai hana ka saitasu da iya ƙarfinka duk jifa, sai su dinga jefawa gefe inda babu komai? Shi kuma yayan namu da mutanensa sunce tarko ne bamu gane ba. Mun yarda abinda kace shikenan, wanda aka kayar zai sayi shayi da biredi na mutum goma.
— Mai gidan kallo, ƙaramar hukumar Jahun

Amsa: Wa alaikumus salam ƙanena. Fara lissafin kuɗin biredi, amma kada ka biya duka tukunna, ka karanta zuwa ƙarshe.

Shi wasan Tes kwana biyar ake bashi, kowace ƙungiya mutum goma sha ɗaya, kowacce zata riƙe sanda zubi biyu, in an fitar da mutum goma zubin ya ƙare. To mai sanda ba sauri yake ba, babu wanda zai kamashi don bai buga ba, zai iya wuni yana tarewa. Kai kuma mai jifa in ba ku fitar da nasu sau ashirin ba, goma a zubin farko goma a na biyu, da wuya kuga nasara, sai dai kwana biyar su cika a tashi canjaras. Kaga kenan aikinka ba ka jefa ƙwallo ta wuce bane, aikinka kasa mutumin da ya rantse bazai yi kuskure ba yayi kuskure.

Turakun nan da kake gani faɗinsu gaba ɗaya inci tara ne, sandar kuma faɗinta ya ɗan haura inci huɗu, ga mutum tsaye a gabansu da ƙafafu da matasai. Ƙwallon da ta taho saiti itace mafi sauƙi a gurin ƙwararre, idonsa na kanta jikinsa na bayanta, murɗa wuyan hannu kawai zai yi ya turata ɓangaren ƙafarsa ya kwashi maki (ɗaya in shi da abokin sandarsa sun ruga sun musanya guri, huɗu in ƙwallo ta gangara har bakin iyakar fili), ka jefa masa irinta sau shida ya gode maka sau shida. Wacce take hanashi barci itace wadda ta faɗi ɗan nesa da turken waje kaɗan, kamar faɗin tafin hannu, inda bazai iya rantsuwa ko zata wuce ko zata karyo ciki ba. In ya ƙyale ta karyo, turke ya tafi. In ya miƙa sanda ta kauce, sai ta goge bakin sandar ta tashi baya, kuma mutanen nan uku ko huɗu da kuke gani jere kusa da gola sun sunkuya kamar masu dashen shinkafa ba zaman banza suke ba, ita suke jira. Fiye da rabin waɗanda ake fitarwa a wasan Tes cafe ƙwallonsu ake yi.

Ku tuna safiyar Larabar da kuka fara kallo. Usman Khawaja na Ostireliya ya fuskanci jifa ashirin bai ci ko maki ɗaya ba, Rabada da abokin jifansa Jansen sun kafe masa a guri ɗaya sun ƙi bashi ta bugu, ta ashirin ɗin ya taɓa, Bedingham ya cafe a baya. Cameron Green ya shigo, jifa uku kacal, shima ya taɓa Markram ya cafe, duk a oba ɗaya, wato jifa shidan da mutum ɗaya yake yi kafin a juya. Waccan ƙyalewar da kuke wa dariya, duk wadda ta wuce ana ƙara matse mutum ne, kamar ɗan dambe da yake auna abokin karawa da hannun da bai naɗe ba, ya zagaya ya zagaya, 'yan kallo suna ihun ya saki hannu, shi kuma yana jiran kafaɗa ta sauka.

Batun ƙarfi kuwa, Shoaib Akhtar na Pakistan shi ya riƙe tarihin jifa mafi gudu, kilomita 161.3 a awa a 2003, amma mutum 178 ya fitar a duk wasanninsa na Tes, gwiwa ta hanashi sakat. Glenn McGrath da baya kusa dashi a gudu ya fitar da 563, James Anderson na Ingila 704, kuma har ya haura shekara arba'in yana jifa kafin ya ajiye a 2024. Ba wanda zai iya zuba iya ƙarfinsa tun hantsi har yamma kwana da kwanaki.

Sai dai ku ma ba ku faɗi ƙasa warwas ba. A wannan zubin dai, da aka zo kan na ƙarshe-ƙarshe waɗanda ba bugu ne sana'arsu ba, Rabada turakun ya saita, ya tuge na Cummins ya tuge na Starc, ya gama da mutum biyar akan maki 51 da aka ci a jifansa. Kuma ko ga ƙwararre jifan gefen baya cin kowa sai yana tsoron na saitin, in ya tabbata bazaka taɓa nufar turke ba ai wuni zai yi yana ɗaga sanda. Don haka hukuncina, ku sayi shayi na mutum goma, yayanku ya sayi biredi na mutum uku, sauran bakwai ɗin naku ne.

Tambaya: Kawu ni tela ne, abinda ya ɗau hankalina ɗinkin dake jikin ƙwallon da aka hasko kusa, da yadda suke ta gogata a wando har farin wando ya koma ja a cinya. Tsafta ce ko camfi ne, kuma ba sa tausayin mai wanki?
— Tela, kasuwar Gwarzo

Amsa: Maigida ai kai ka hango asirin wasan gaba ɗaya, idon sana'a daban ne. Ƙwallon fata ce aka rufe ɓawon itace da zare a ciki, nauyinta wajen giram 160, ɗinkin layi shida ne ya zagaye tsakiyarta. Wadda ake wasa da ita a Ingila sunanta Dukes, da hannu ake ɗinketa, ɗinkin a tashe yake kuma yana daɗewa bai kwanta ba, Indiya suna da tasu SG, Ostireliya da Afirka ta Kudu suna amfani da Kookaburra wadda ɗinkinta ke saurin lafewa. In ƙwallo ta dira akan ɗinkin nan tana iya kaucewa hagu ko dama, shi mai jifan ma wani lokacin bai san inda zata nufa ba balle mai sanda.

Gugar kuma gefe ɗaya kawai suke gogewa, ɗayan su barshi ya ƙoje. Iska tana bi ta gefen mai santsi daban ta bi ta mai kaushi daban, sai ƙwallon ta lanƙwasa a sama tun kafin ta taɓa ƙasa, kamar kurar ruwan da tayarta ɗaya ta sace, kana turawa gaba tana janka gefe. Tana sabuwa ɓangaren kaushin take bi. In ta tsufa sosai kuma mai jifan yana da gudu sai ta juya ta koma bin ɓangaren santsin, kuma a makare take karyowa dab da ƙafar mutum, wannan 'yan Pakistan ne suka gwanance akai, daga Sarfraz Nawaz zuwa Imran Khan wanda ya zama firaminista daga baya, zuwa Wasim Akram da Waqar Younis. Yayan mai gidan kallon can na Jahun nasan in aka taɓo masa waɗannan sunayen sai an kai sallar isha'i bai gama ba.

Da can da miyau suke gogewa, zuwan korona a 2020 aka hana, a 2022 aka mayar da hanin dindindin a wasannin ƙasa da ƙasa, yanzu gumi kawai aka yarda. Kankare gefen kaushin da wani abu kuwa laifi ne babba. A 2018 a birnin Cape Town kyamara ta kama Cameron Bancroft na Ostireliya da 'yar takardar yashi irin ta kafintoci, ya rasa inda zai sa ta ya cusa cikin wando duniya na kallo, aka dakatar dashi wata tara, kyaftin ɗinsu na lokacin Steve Smith da David Warner shekara guda-guda. Kuma ba'a canza ƙwallo don ta tsufa sai anyi oba 80 da ita, shi yasa suke lallaɓata kamar ƙwai. Mai wanki dai sai haƙuri.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni malamin firamare ne, a waya na bi wasan, data ta sha wuya. Ostireliya nake goyon baya kuma har yau raina a ɓace yake da kyaftin ɗinmu Pat Cummins. An ba Afirka ta Kudu 282 su kamo, mutanen da a zubin farko 138 kawai suka iya, ga kyaftin ɗinsu Bavuma jijiyar cinya ta riƙe yana ɗingishi kowa na gani, maimakon a matso da masu tare ƙwallo kusa a hanashi maki ɗai-ɗai a tilasta masa gudu, sai aka watsasu can bakin iyaka ana basu ɗaya ɗaya kamar sadaka har suka kai. Abokin aikina yace ni bansan komai ba filin ne ya mutu, nace to in fili ya mutu ai sai a canza dabara. Waye da gaskiya?
— Malamin makaranta, wani ƙauye kusa da Ringim

Amsa: Malam sannu da jimami. Ku biyun kowa ya riƙo ƙafa ɗaya ta gaskiyar, amma na fi karkata gurinka, bari dai in fara da ta abokin naka don kada kace na bi son ranka.

Ranar farko mutum 14 aka fitar, rana ta biyu ma 14, rana ta uku kuwa mutum huɗu kacal daga safe har aka tashi. Masu jifan basu manta sana'arsu cikin dare ɗaya ba, gajimare ne ya yaye rana ta buɗe, damshin ƙasar ya tafi, ƙwallo ta daina kaucewa ta daina tashi. Alamar ma tun safiyar Juma'ar ta bayyana kuma Ostireliya ce ta ci moriyarta, don ranar Alhamis sun faɗi har 73 da mutum bakwai a waje, amma Mitchell Starc wanda jifa ne aikinsa ya tsaya ya ci 58 ba'a fitar dashi ba, shi da Hazlewood na ƙarshe suka ƙara 59 suka kai jimilla 207. Ku magoya baya kuna ta murna, alhali duk mai lura yasan in na goma sha ɗaya zai iya tsayawa haka a gaban Rabada to Markram, mai sandan Afirka ta Kudu, ma zai kwana a gurin. Saboda mutuwar ƙasar nan ne ko an goge bakin sanda ƙwallon bata isa hannun masu jira a baya, shi yasa Smith ya matso kusa sosai har ya sa hular kwano, kuma da damar ta zo, Bavuma yana da maki 2 kacal ya taɓa jifan Starc, ƙwallon ta iso masa da gudun da ya fi ƙarfin hannu, ta faɗi, yatsansa ya goce aka fita dashi. Bavuma ya ƙare da 66. Da an riƙe waccan da wataƙila yau kai ke tsokanar abokin aikinka.

To amma ga inda na tsaya tare da kai. Watsa mutane bakin iyaka dabara ce ta wanda lokaci ke bayansa, wato in saura awa biyu a tashi kana so ka hana maki huɗu-huɗu su ruɗe su yi gaggawa. Anan saura kwana biyu da rabi, ba abinda ke korar Afirka ta Kudu, ɗaya ɗaya ɗin ma ta ishesu, kuma duk maki ɗayan da aka bari masu sandar suna musanya guri, mai jifa bazai samu ya jera wa mutum ɗaya shida ya gina masa tarko irin wanda aka gina wa Khawaja ba. Ga mai ɗingishi kuma, tafiya a hankali zuwa ɗaya ƙarshen ai hutu ka bashi. Ni da zan so in ga an rufe masa na kusa, ko dai ya yi gudun da cinyar bazata ɗauka ba ko ya ɗaga ƙwallo sama ya gwada sa'a, in ya ci huɗu sau uku a haka na yafe, tunda 282 ba'a kareta da rowa, sai an fitar da mutum goma. Bavuma da Markram suka haɗa 147, aka kwana suna 213 da mutum biyu a waje, ranar Asabar Ostireliya ta matse sosai ta fitar da uku har da Markram a kan 136 saura maki shida, amma ba'a fafe gora ranar tafiya.

Abin ya tuna min Headingley a 2019, Ingila na neman 359, saura mutum ɗaya, ana buƙatar 73, Ostireliya ta watsa kowa bakin iyaka don Ben Stokes ya ɗauki ɗaya a samu Jack Leach na ƙarshensu, shi kuma ya dinga aikata sama da kawunansu, ya gama da 135 Leach da maki 1, kuma wanda aka buga wa ƙwallon nasarar Cummins ɗin nan ne dai.

Sai dai Malam mu ji tsoron Allah, kyaftin daga kan benci kowa gwani ne. Cummins ɗin nan a zubin farko shi kaɗai ya fitar da shida akan maki 28, a ranar ya cika 300 a tarihinsa, ba don shi ba da babu ma 282 ɗin da za'a kare. Ka rage fushin zuwa rabi.

Tambaya: Kawu ina wuni. Ina aiki a wani ƙaramin asibitin karkara, ranar ina dutin rana ne na gani a talabijin ɗin ɗakin jira. Ni abinda ya dameni naga suna jefa ƙwallon tana tashi saitin kan mutum da gangan, wannan ba mugunta bace, doka ta yarda? Sannan 'yata tace in tambayeka wai mata suna yi?
— 'Yar'uwarku daga yankin Gwaram

Amsa: Lafiya lau Malama, sannu da aiki. Doka ta yarda amma da iyaka, a Tes sau biyu kawai a oba ɗaya za'a iya jefa wadda ta haura kafaɗa, kuma alƙalin wasa na iya tsawatarwa in ya ga ana neman jikkata wanda bai iya kare kansa ba. Amfaninta a dabara shine ta tura mutum baya, ya fara tsoron matso da ƙafarsa gaba, sai a biyo da doguwa wadda ke faɗuwa kusa da ƙafa a sameshi a tsaye cak.

Damuwarki tana da tarihi. A 1932 zuwa 1933 Ingila taje Ostireliya ta rasa yadda zata yi da Don Bradman, wanda har yau ba'a yi mai sanda kamarsa ba, matsakaicin makinsa 99.94 ne. Sai kyaftin ɗinsu Douglas Jardine yasa Harold Larwood ya dinga saita haƙarƙari da kai, aka tara masu cafewa a ɓangaren ƙafa, kuma lokacin ba hular kwano. Dabarar ta ci, sun yi nasara 4 da 1, amma cikin 'yan Ostireliya an bugi Woodfull a ƙirji, ƙashin kan Oldfield ya tsage, abin ya kusa ɓata zumuncin ƙasashen biyu, daga baya aka gyara doka, yanzu ba'a tsayar da fiye da mutum biyu a bayan mai sanda ta ɓangaren ƙafarsa. Ko da hular ma haɗarin bai ƙare ba, a Nuwamban 2014 irin wannan ƙwallon ta samu Phillip Hughes a wuya a Sydney, bayan kwana biyu ya rasu yana ɗan shekara 25. Ni ina ganin a barta don in an cireta wasan ya zama na masu sanda su kaɗai, amma jera wa na goma da na sha ɗaya ita bana ganin burgewa a ciki.

Ki gaya wa 'yar tamu mata suna yi sosai, 'yan matan Najeriya 'yan ƙasa da shekara 19 sun je gasar duniya a Malesiya a Janairun 2025 har suka doke Niyu Zilan da maki biyu.

Tambaya: Malam, jikana ne ya rubuta min. Na ga kafin a fara manyansu sun durƙusa suna shafa ƙasa suna dannawa da yatsa kamar masu duba ko shuka zata yi. Me suke nema?
— Dattijo manomi, fadamar Auyo

Amsa: Baba ina gaisuwa, Allah ya ƙara lafiya. Ai kai za'a tambaya, abinda kake dubawa shi suke dubawa, damshi da ciyawa da tauri. Tsirin da ake jifa a kai yadi 22 ne, kuma da an fara wasa ba'a ƙara bashi ruwa har a gama. In akwai ɗanyar ciyawa da lema ga hadari a sama, ranar masu jifan gudu ce, shi yasa da Bavuma ya ci ƙuri'a ya ga sama a lumshe yace su zasu fara jifa. In rana ta dake shi kwana uku huɗu sai ya bushe ya fara tsagewa kamar laka a fadamarku bayan ruwa ya janye, takalman masu jifa su ƙara tona shi, to nan ne masu murza ƙwallo da yatsu suke cin kasuwa, a hankali suke jefawa amma in ta faɗa cikin kaushin sai ta karya kwana. Wanda ya fi kowa fitar da mutane a tarihin Tes ɗan murza ne, Muttiah Muralitharan na Siri Lanka da 800, sai Shane Warne da 708. A wannan wasan kam ƙasar bata kai ga tsagewa ba aka gama, Nathan Lyon babban ɗan murzan Ostireliya ko mutum ɗaya bai fitar ba, abin dariyar kuma Markram da murza ba sana'arsa bace shi ya fitar da Smith a zubin farko ya kuma fitar da Hazlewood a na biyu.

Tambaya: Kawu yaushe Najeriya zata buga da su Rabada? kuma yaranmu sun fara yi a filin firamare da ƙwallon roba da guntun katako, ya zamu gyara musu?
— Wani matashi daga Kafin Hausa

Amsa: Ɗana da sauran tafiya. Ƙasashe 12 ne kawai ke buga Tes, a Afirka daga Afirka ta Kudu sai Zimbabuwe, mu muna rukuni na biyu a hukumar kurket ta duniya tun 2002, gajeren wasa muke bugawa, duk da samarinmu 'yan ƙasa da 19 sun je gasar duniya a 2020.

Na yaran kuwa ku yi yadda ake yi a lungunan Karachi. Ku nemi ƙwallon tanis ku naɗe ta da salatif irin na masu gyaran wuta, zata ƙara nauyi da gudu kuma bata fasa kai, in kuna so su ga lanƙwasar da na gaya wa telan Gwarzo ku naɗe rabi ku bar rabi da gashinsa. Turaku a sari reshen darbejiya uku masu kai wa ɗan sama da gwiwar babba, a auna mita 20 tsakani, a zaɓi inda ƙasa ta daddale ba cikin rairayi ba don a rairayi ƙwallo bata tashi. Abu ɗaya da zaku sa wa ido tun yanzu, ba jifan tsuntsu ake yi ba, hannu a miƙe yake zagayowa ta saman kai, in yaro ya saba lanƙwasa gwiwar hannu yana ballewa da wuya ya daina. Ka shata musu ɗan da'ira a ƙasa da toka, taku shida zuwa bakwai gaban turaku ɗan gefe kaɗan, duk wanda ya sauke ƙwallo huɗu cikin shida a ciki ka saya masa rake, kuma ku nisanci tagar ofishin hedimasta.